Tsarin Kaka Barira

Shafi na 23

"Ba zan miƙa ta ba."

Turai ba ta ɗaga murya ba, amma duk wanda ke tsakar gidan ya ji. Matan da ke tuyar waina a gindin mangwaro suka tsaya da tsinke a hannu, har ƙullin da ke cikin tanda ya fara ƙauri.

Baba Hambali wanzami na zaune kan tabarma, zabirarsa a buɗe, hannuwansa biyu a miƙe. Ya riga ya aske wa jaririyar kai, Turai ta karɓe ta don ta kakkaɓe mata gashi. Abu ɗaya ya rage. Ƙaramar askar nan na ajiye a gefe, kusa da kaskon baƙin tukunya da ake shafawa a tsaga don ta zauna.

Ya washe baki.

"Malama 'yar boko, kawo ta mana. Kafin ki ce alif na gama. Ke ma fa ni na yi miki taki. Ko kuka ba ki yi ba, harara kika bi ni da ita."

"Na san kai ka yi, Baba. Kullum ina ganin aikinka a madubi."

Dariyarsa ta tsaya a maƙoshi.

Tsaga uku ce, gajeru, a kuncin hagu. A gandun Maikano ana ce mata shaidar gida. Jikokin masu gida ba su da ita. Sai waɗanda aka haifa a Rinji, wato jerin ɗakunan ƙasa da ke bayan rumbuna, inda barorin gidan suke kwana tun kaka da kakanni. Turai ta girma tana zaton ado ce. Sai da ta je makarantar horon malamai mata a Kano wata yarinya ta taɓa mata kunci a ɗakin kwana, ta tambaye ta cikin fara'a, ba da mugunta ba, "Ke kakanninki bayin wane gida ne?"

Shekara huɗu ke nan, amma har yau tana jin sanyin yatsan yarinyar a fuskarta.

Daga barandar sabon bene muryar Hajiya Hapsatu, matar marigayi Maikano, ta sauko. Benen ɗanta Alhaji Sada ne ya gina bara, bayan ya samu kwangilar titi, ita kuwa tun da aka gama shi a nan take wuni kan kujera, carbi a hannu, tana ganin kowa.

"Me take cewa? Azumi, me 'yarki take cewa?"

Inna Azumi ta fito daga madafi da sauri, hannunta duk gari. Shekara talatin ita ke tuƙa tuwon gidan nan. Ta zube a ƙasan baranda.

"Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri. Zafin mutuwa ne bai sake ta ba."

Ta juyo, ta rage murya.

"Turai, kin sha wani abu ne? Miƙa masa yarinya."

"Inna, ba zan miƙa ba."

Jaririyar ta motsa a ƙirjinta. Yau kwananta bakwai a duniya, kwana bakwai kuma da binne uwarta. Mero, yayar Turai, ta haihu da hantsi, kafin azahar jini ya tafi da ita. Mijinta Barau tun watanni shida baya ya bi motar Legas neman aikin dako, ko saƙon baki bai aiko ba. Shi ya sa sunan ya zo babu guɗa, babu kiɗa. Hajiya ce ta ba da rago, ita ce kuma ta zaɓi suna. Ta ce a sa mata Barira, sunan mahaifiyar Inna Azumi, wai Barira ta dawo gidanta.

Hajiya ta ajiye carbi.

"Matso nan, Turai."

Turai ta matso. Ta tsaya.

"Gwiwar taki ciwo take yi?"

"Da jaririya a hannuna, Hajiya."

"Uwarki da goyo da tulu a ka take durƙusa mini. To, na ji. Abin da aka koya miki a Kanon ke nan?"

Hajiya ta nuna ta da yatsa.

"Ni na kai ki bokon nan. Kina 'yar mitsitsiya, majina har baki."

"An aiko daga wurin hakimi a ba da yarinya ɗaya daga gidan nan," in ji Turai. "Kika tura jikarki Farin Dutse wajen dangi, kika ba da ni. Ina tsaye a bayan ƙyaure lokacin da kika ce gara a lalata ta Rinji."

Wata daga cikin masu waina ta ce, "Innalillahi," ƙasa-ƙasa.

Hajiya ba ta ko ƙifta ido ba.

"Ga shi kuwa an lalata ta. Saurara ki ji. Gidan nan watsewa yake yi. Samarin Rinji duk sun bi mota, wannan Kaduna, wancan Legas, gona ta koma hannun 'yan ƙodago. Yaron da ba shi da shaida, gobe in ya tashi wa zai ce namu ne? In ya ɓata wa zai nemo shi? In ya mutu a wani gari wa zai kawo gawarsa? Shaidar nan riga ce, ke kika ɗauke ta zagi."

"Ai kuwa rigar ba ta kai jikokinki ba."

"Turai!" Inna ta daka mata tsawa.

"Bar ta," in ji Hajiya. "Bar ta ta gama. Gwamnati ta ce babu bawa, ko? Shi za ki faɗa mini. Na sha ji a rediyo."

"Ba shi zan faɗa ba. Na faɗa wa Inna wannan ya fi sau goma, ta ce dokar Bature ce, ba ta shafi tsakaninta da gidan Maikano ba."

"Uwarki ta fi ki hankali."

Turai ta gyara jaririyar a hannun hagu. Ta sa hannun dama cikin rigarta ta fito da wata 'yar fata baƙa, ta sha jiki har tana sheƙi, igiyarta na reto.

Inna ta dafe ƙirji.

"Layar Innata! Kwana bakwai ina neman ta! Na ce a ɗaura wa yarinya yau. Ashe ke kika ɗauke?"

Babu wanda bai san layar nan ba a Rinji. Kaka Barira ta rataya ta har ta mutu. Inna ta gaje ta. Duk wadda za ta haihu a ɗakinsu sai an ɗaura mata a damtse, duk yaron da zazzaɓi ya kama sai an sa masa a ƙarƙashin kai. An ɗaura wa Mero ita ranar naƙuda.

"Da muke wa Yaya Mero wanka na kwance ta," in ji Turai. "Ruwa ya jiƙa ta, ɗinkin ya saki. Na ce bari in kai wa baduku ya gyara. Sai na ga takardar ciki."

"Kin buɗe?" Inna ta ja da baya kamar an nuna mata wuta. "Kin buɗe tsari? Wa ya taɓa buɗe laya, Turai? Kin kashe ta ke nan!"

"Inna, laya ba ta da hatimin alƙali."

Tsakar gidan ya yi tsit. Har kukan janareton bayan bene ana ji.

Turai ta zaro takardar. Ta yi ja don tsufa, an naɗe ta ƙanana-ƙanana, gefe ɗaya ruwa ya ci tawadar. Amma hatimin na nan, zagayayye, a ƙasa.

"Larabci ne, ban iya shi sosai ba. Shekaranjiya da na ce zan je Birnin Kudu sayo sabulun jarirai, wurin Malam Iliyasu na je, wanda ya yi magatakardan kotu a da. Ya karanta mini sau biyu. Da ya gama sai ya cire tabarau ya tambaye ni, matar nan tana raye? Na ce ta rasu shekara goma sha ɗaya. Ya ce a ina ta rasu? Na ce a gandun Maikano, a bakin turmi."

"Me ke ciki?" in ji Baba Hambali. Wasan ya bar muryarsa.

Turai ba ta kalli takardar ba. Ta haddace.

"Cewa aka yi, Maikano na Fagam ya zo gaban alƙali da shaidu biyu. Ya ce ya 'yanta baiwarsa Barira saboda Allah, kaffarar wata rantsuwa da ya karya. Daga ranar ita 'ya ce, duk abin da za ta haifa ɗa ne. Babu mai iko da ita a cikin magadansa."

Ta juya ga mahaifiyarta.

"Shekara ɗaya kafin a haife ki, Inna."

Inna Azumi ta zuba wa takardar ido. Hannunta ya tashi a hankali ya taɓa kuncinta na hagu. Ya bar farin gari a kan tsagar.

"Ƙarya ne," ta ce can. "Innata ta faɗa mini da bakinta. Ta ce Maigida ne ya ba ta da hannunsa, ya ce tsarinta ne."

"Haka ya ce."

Kowa ya ɗaga kai. Hajiya ce ta yi maganar.

Ta jingina da kujera, tana kallon saman mangwaro.

"Haka ya ce. Ina tsaye da buta a hannu, a ƙofar tsohon zaure. Amarya ce ni a lokacin, shekarata ɗaya a gidan. Ya dawo daga kotu a kan doki, yana sauri, washegari ayarin Makka zai tashi. Ya kira ta ya ce, Barira, riƙe wannan da kyau, tsarinki ne ko bayan raina. Ta durƙusa ta yi godiya. Ranar kasuwa ta kai wa baduku ya ɗinke ta da fata. Shi kuma ya tafi ta ƙasa, ya rasu a hanyar Sudan."

"Kin san abin da ke ciki?" in ji Turai.

"Ya faɗa mini."

"Kika ga ta rataya ta a wuya."

"Na gani."

"Shekara talatin da biyar tana durƙusa miki da ita a wuya."

"Na ce na gani, ko kurma ce ke?"

Inna Azumi ta ɗago. Tun da Turai ta yi wayo ba ta taɓa ganin mahaifiyarta ta kalli Hajiya cikin ido ba. Yau ta kalla.

"Hajiya, don me?"

Carbin ya zame daga cinyar Hajiya ya faɗi ƙasa. Ba wanda ya taso ya ɗauka.

"Ina da cikin Sada wata biyar. Miji ya tafi. 'Yan uwansa na jiran in yi kuskure su raba gandu. Barira ce kaɗai ta san inda komai yake a gidan nan. Na ce in na haihu zan faɗa mata. Na haihu, na ce in na yaye. Daga nan kunya ta hana, daga baya kuma na daina tunawa." Ta gyara zama, muryarta ta dawo da ƙarfinta. "Kuma in na faɗa ina za ta? Tana 'yar shekara biyar aka ɗauko ta daga duwatsun kudu, ko sunan garinsu ba ta sani ba. A nan ta ci, a nan ta sha, a nan aka yi mata aure. Ni na sa mata likkafani da hannuna. Ke, Azumi, kin taɓa kwana da yunwa a gidan nan?"

"A'a."

"An taɓa dukanki?"

"Sau biyu."

"A shekara arba'in da biyar."

"Ranar da aka tsaga ni," in ji Inna a hankali, "ke kika riƙe ni. Innata ta sha faɗa mini, tana alfahari. Wai uwargida da kanta ta riƙe mata 'ya."

Hajiya ta kau da kai.

Baba Hambali ya ɗauki ƙaramar askar, ya goge ta a gefen rigarsa ko da yake ba ta taɓa komai ba, ya mayar cikin zabira.

"Hambali, wa ya sallame ka?"

"Hajiya, ubana ya tsaga Azumi, ni na tsaga 'ya'yanta. Mun yi ne bisa abin da aka faɗa mana. Yau kam sai dai mai yarinya ta miƙo mini da hannunta." Ya nuna Inna da haɓa. "Ita ce kakar yarinya."

Hajiya ta miƙe. Ta dafa ginshiƙin baranda.

"To, ku ji da kyau, don kada gobe a ce ban faɗa ba. Takarda ta ce ku 'ya'ya ne. Na yarda. Ɗa kuwa gidan ubansa yake kwana. Rinji na masu shaida ne, tun kafin a haife ni haka yake. In an tsaga yarinyar nan, komai ya wuce, Zahara'u ta ci gaba da ba ta nono, ke Turai ki koma makarantarki ranar Asabar, ban ji komai ba yau. In ba a tsaga ta ba, ba ta gidan nan ba ce. Ba za ta kai la'asar a ciki ba. Wanda ya fita da ita kuma ya fita ke nan. Ko gaisuwar mutuwa kada ya tako mini ƙofa."

Turai ta waiga wajen masu waina. Zahara'u, matar makiyayin gidan, na tsaye da nata goyon. Ita ke shayar da jaririyar tun ranar da Mero ta rasu. Da idonsu ya haɗu sai Zahara'u ta sunkuyar da kai. 'Ya'yanta biyar a Rinji, duk da shaida.

Turai ta tuna makaranta. Wata uku ya rage ta zauna jarrabawar ƙarshe. Ba a shiga ɗakin kwanan ɗalibai da jariri, ko a kwando. Ta san haka tun daren jiya, amma sai yanzu ta ji nauyinsa.

Ta dubi fuskar jaririyar. Kunci sumul, kamar cikin ƙwarya sabuwa.

"Inna," ta ce, "ɗauko kayanki mu tafi."

Inna ta dube ta. Ta tashi daga durƙuson da take, ta kakkaɓe gwiwa. Ta zo gaban Turai ta miƙa hannu biyu.

"Ba ni ita."

"Inna..."

"Na ce ba ni jikata."

Turai ta ƙanƙame yarinyar. Baba Hambali na nan zaune, taku uku tsakaninsu. Hajiya na kallo daga sama. Amma wannan uwarta ce, kuma duk taurin kanta ba ta taɓa hana ta abin da ta miƙo hannu a kai ba. Ta saki.

Inna ta karɓi jaririyar. Ta daɗe tana kallon ta. Ta shafa kan da aka aske, ta tofa mata addu'a.

"Juya," ta ce wa Turai.

"Me?"

"Juya ki sunkuya. Karatu kika iya, goyo ba ki iya ba."

Turai ta juya. Ta ji ɗumin jaririyar ya sauka a bayanta. Inna ta kwance zanen da ta yafa a kafaɗa, wanda ke warin hayaƙi da daddawa, ta lulluɓe yarinyar, ta zagayo da shi ta ɗaure a ƙirjin Turai. Ta ja ƙullin sau biyu.

"Ki tallafe mata wuya in mota ta shiga rami. In kin isa Birnin Kudu ki nemi Malama Dinatu ungozoma, ta san Mero, ko za ta samo miki mai shayarwa. Kada ki ba ta ruwan rijiya sai kin tafasa."

"Inna, tare za mu."

"Ni an riga an tsaga ni."

"Takardar ta ce..."

"Na ji abin da ta ce." Inna ta karɓi fatar layar daga hannun Turai, ta bar mata takardar. Ta rataya fatar a wuyanta, babu komai a ciki. "Uwata na kwance a bayan Rinji. Mero na kwance kusa da ita, ƙasarta ko bushewa ba ta yi ba. In na tafi wa zai kore musu awaki? Ni ban san hanyar ko'ina ba, Turai. Daga madafi sai rijiya."

Hajiya ta yi gyaran murya.

"Azumi, kin san abin da kika yi?"

"Na sani, Hajiya." Ba ta durƙusa ba. "Tuwon rana bai nuna ba, bari in je in duba."

Ta juya ta nufi madafi. Ba ta waiwayo ba. Turai ta bi bayanta da ido har labulen buhu ya rufe ta, tana jiran ko sau ɗaya ya motsa. Bai motsa ba.

Babu wanda ya raka ta. Ta wuce rumbuna, ta wuce garken shanu, ta wuce sabuwar motar Alhaji da aka lulluɓe da tamfol. Akwatinta na makaranta na ɗakin Inna da littattafanta duka, ba ta koma ta ɗauka ba, don ta san in ta shiga ɗakin nan ba za ta iya fitowa ba.

A ƙofar gandu jaririyar ta farka. Ta fara juya kai tana neman nono a bayan da babu shi.

Daga nan zuwa bakin titi tafiyar awa ɗaya ce, rana ta take.

Barira ƙarama ta fita da fuskarta yadda Allah ya yi ta. Turai kuwa ta bar jarrabawarta, ta bar ɗakin da aka haife ta, ta bar uwarta da rai, kuma ko ranar da Inna za ta mutu ba za a buɗe mata ƙofar nan ba.

Yarinyar ta tsala kuka.